Gonar da Ke Bin Sawu

Ni dai tatsuniyar dodo ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Kakata ta wajen uba, wadda aka sa mini sunanta, ta ba mu labarin dodanni har muka saba da su kamar awakin gida. Tatsuniya ɗaya ce ta hana ni sakat har yau da furfura ta cika mini kai, kuma babu dodo a cikinta, babu kura. Gona ce kawai.

Shekara ta biyu ce ta babban fari, a ƙauyenmu na wajen Gidan Sori. Rumbunanmu uku an share su har da tsintsiya, irin shuka ma mun cinye. Anza muke ci, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an kwana huɗu ana jiƙa su ana zubar da ruwa. Kullum ka tashi sai ka ga wani gida an toshe ƙofarsa da ƙaya, mutanensa sun yi kudu. Jakuna ma sun daina kuka.

Amma Kaka ba ta fasa hura wuta ba. Da an sallame magariba sai ta tara busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta ta kunna, alhali babu tukunyar da za a ɗora. In Inna ta yi magana sai ta ce, "Ƙyale ni. A bar mutane su ga hayaƙi, su san ba mu mutu ba."

A lokacin Baba ya riga ya yanke shawara za mu tafi ƙasar Katsina neman abinci. Abin da ke cin ransa gonar gado ce. Al'adar garinmu, gonar da damina ta wuce ba a jefa mata iri ba, maigari yana iya ba wani aronta, kuma aron irin wannan zamani ba ya dawowa. Gambar da ke raba mu da maƙwabta dabbobi sun cinye ta har saiwa. Maƙwabcinmu Tanko, mai 'ya'ya maza shida, sau biyu ana ganinsa tsaye a wurin yana duban ƙasa.

Saura kwana uku mu tashi, muka kewaye wutar ni da ƙannena. Kaka ta miƙe ƙafafunta masu kumburi ta ce, "Ga ta nan ta iso, ta gaji da tahiya."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ce wani mutum ne mai gona, girmanta tun safe kana tafiya sai azahar ka kai ƙarshe. Yunwa ta shigo, ya kwashe iyalinsa kaf, bai bar ko kaza ba. Ashe gona da sawu take sanin mai ita. Da yamma ta yi, gonar ta shinshina gabas ba ta ji ƙafarsa ba, sai ta janye taki ɗaya. Kashegari ta shinshina yamma, ta sake janyewa. Maƙwabta kuwa su wayi gari su ga kunyoyinsu sun ƙara tsawo, su yi shiru abinsu. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya ce komai.

Nan Kaka ta rage murya, ta tura wani gawayi da yatsa. Ta ce mutumin ya dawo bayan shekara, ya tarar saura kamar filin masussuka. Ya ruga gida ya ɗauko fartanya, kafin ya komo saura kamar tabarma. Ya faɗa a kai ya rungume ta yana kuka, yana cewa ni ne, ni ne. Gonar ta shinshina shi, ta ji warin wata ƙasa a ƙafarsa. Sai ta ce, "Baƙo, na rage maka daidai tsawonka." Ta buɗe.

Ƙanena ya fashe da kuka. Ni kuwa da bakina da ba ya mutuwa na ce, "Kai, Kaka, wannan mutum wawa ne! Mi ya hana shi barin wani ya riƙa zagaya ta?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙin, ta daɗe. "Wa za shi bari, takwara?"

"Wanda ba shi da amfani a hanya mana."

Ta yi dariya har da tari. "Kin ji ɗiyar nan! Wallahi kin fi ubanki kai." Daren nan ba ta rufe tatsuniyar da komai ba, ta dai ce mu tashi mu kwanta.

Ranar tafiya aka ɗaura wa jaki amalanke, aka loda tabarmi da tukwane. Kaka ta fito ta zauna a kan turmi ta ce ba inda za ta. Baba ya roƙa, ya yi faɗa, ya durƙusa. Ta ce, "Jakin ga da ƙyar yake ɗaukar kansa. In na hau, yara biyu za su sauka. Tashi ka ba ni wuri." Da ya ga ba ta motsawa, ya ja akuyarmu ta ƙarshe, ya musanya ta da tiya huɗu ta gero, ya ajiye mata a ɗaki. Ya ce ta riƙa haɗawa da anza, zai kai ta har ya aiko. Muna fita gari ina waiwaye. Hayaƙinta na tashi da rana tsaka.

Wata bakwai muka yi. Baba na dako, Inna na surfe a gidajen mutane. Saƙon da muka aika bai isa ba. Mun ji an yi ruwa a gida, amma ƙanena na kwance, ba halin tashi. Sai da lokacin girbi ya zo muka kamo hanyar gida.

Gonar muka fara isowa kafin gari. Tsakiyarta ciyawa ce da ƙarangiya, ba a taɓa ta ba. Amma a gefe, tun daga gindin gawo har ta zagayo ta komo gindin gawo, ga layin gero guda ɗaya tal, a karkace, wani wuri a cushe wani wuri da giɓi, ya fid da kai ya nuna. Baba ya sauka daga amalanke, ya durƙusa a bakin layin.

Matar Tanko ce ta ba mu labari, tana share hawaye. Ta ce da ruwan farko ya sauka Kaka ta fito da ƙwarya da sanda. Ba ta iya ɗaga sungumi, sai ta soka sanda, ta jefa ƙwaya, ta rufe da diddige, ta zauna ta huta. Kwana tara ta yi tana zagayawa. Geron da Baba ya bar mata ko tsaba ɗaya ba ta daka ba, anza ta yi ta ci. Da aka kai maganar gonar gaban maigari, ya zo ya bi layin da ƙafarsa, ya ce, "Wagga gona an shuka ta." Kaka ta rasu geron yana ciki, bai fid da kai ba.

Baba ya hana a ci geron nan ko a fura. Shi ne irinmu na baɗi, jikokinsa ne a gonar har yau.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar kan gona take. Sai da na tsufa na gane Kaka sallama take yi da mu, ta lulluɓe ta don kada mu hana ta. Mutane na yaba ta, ni ma ina yabawa, amma gaskiya har yanzu ina jin haushinta, kuma na fi jin haushin bakina. Na sani ta gama shawararta tun kafin ta hura wutar. Sanin bai taɓa rage mini komai ba, don ni ce na faɗi wanda ya kamata a bari.

Duk ruwan farko ina zuwa garin. Nakan tuɓe takalmi a gindin gawo in zagaya gonar. Jikokin ƙanena na bi na suna dariya, suna tambaya mi na yar nake nema. Da nakan gama kafin hantsi. Bara sai da na zauna sau shida.