Gidan da Aka Tsallake

Shekarar da ƙungiyar cigaban garinmu ta ce za ta fitar da littafin tarihi, ni aka ba aikin buga rubutun a kwamfuta, saboda ina koyarwa a firamare kuma hannuna na da sauri. Garin namu ƙarami ne, a gindin dutse tsakanin Roni da Kazaure. Shugaban ƙungiyar wani Alhaji ne, tsohon ma'aikaci, ɗan babban gida. Shi ya miƙo mini fayil ɗin.

Babin farko na gidajen asali ne. Ga gidan dagatai, ga na limamai, ga na fataken da suka zo daga gabas, kowanne da kakansa da hanyar da ya biyo. Na juya takardun gaba da baya. Babu mu.

Mu maharba ne. Ba a taɓa naɗa rawani a gidanmu ba, amma tun ina yarinya nake jin cewa kakanninmu ne suka fara sauka a gindin dutsen nan, lokacin wurin yana daji.

Na je wurin Gwaggo, yayar mahaifina, babbar da ta rage mana. Na same ta tana tsinkar zogale, na karanta mata babin har ƙarshe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Yaushe za su sake zama?"

"Asabar bayan la'asar, a makarantarmu."

"To ki nemo mini mai babur."

Mahaifina ya yi ta ba ta baki, wai ba a ja da manya. Ta ce ita ma ai babba ce.

Ranar Asabar Gwaggo ta shiga ajin da ake taron da sandarta, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta zauna a bencin yara.

"Iya, lafiya kika taso da kanki?" in ji Alhaji.

"Lafiya lau. Tambaya na kawo, Alhaji. Ranar sunanka ni na ɗebo wa gyatumarka ruwa, ina budurwa. Daga wace rijiya kake jin na ɗebo?"

Ya yi murmushi. "Ai ɗaya ce a lokacin. Rijiyar Maharba."

"Madalla, da bakinka ka faɗa. To masu rijiyar fa, ina suke a littafinka?"

Ya gyara zama. "Iya, tarihi sai da hujja a rubuce. Kowane gida ya kawo takardarsa."

"Mu ba mu da takarda. Muna can muna korar kura don kakanninku su sami inda za su zauna su yi rubutu."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya haɗiye. Tsohon limaminmu ya ce tsakani da Allah, ya ji daga mahaifinsa cewa da nasu suka iso, hayaƙi suka tarar yana tashi a gindin dutse. Alhaji ya ce za a duba.

Bayan mako guda ya kawo mini ƙarin layi ɗaya: wai an ce wasu maharba sun taɓa yada zango a wurin. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai yada zango tashi yake yi. Mu ba mu tashi ba. Ba zan buga wannan ba." Na mayar masa da fayil ɗinsa.

Suka kai Kazaure aka buga musu, layin nan yana ciki. Wasu matan manyan gidaje suka daina amsa gaisuwata. Ban bi kowa da ban haƙuri ba. Duk ranar da babu makaranta sai in zauna gaban Gwaggo, ina ɗaukar muryarta a waya: wane ya haifi wane, wa ya haƙa rijiyar, ina aka binne su. Na rubuta, na yi hoton takardun, na raba wa duk wanda ya miƙo hannu.

Gwaggo ta rasu da daminar da ta biyo. Alhaji ya zo ta'aziyya, da zai tafi ya sa aka kira ni zaure.

"Malama, na ji kina raba wasu takardu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"A ba ni ɗaya in duba. Wataƙila akwai abin gyara."

Na ɗauko na ba shi da hannu biyu. Na ce, "Ka karanta, ranka ya daɗe. Amma mai maganar ta tafi, ba mai taɓa mata ko harafi ɗaya."