Jikin Mma Bai Yi Zafi Ba

Da damina ne, watan da ruwa ke cika babban kwalbatin Nima, mura ta shigo gidan hayarmu a Maamobi tana bin ɗaki ɗaki. Mu uku ne a namu ɗakin: ni, 'yata mai shekara huɗu, da mahaifiyata, wadda kowa a gidan ke kira Mma. Ta haura saba'in, amma ita ke soya ƙosan da nake sayarwa da koko a bakin titin Kawukudi.

Rana ɗaya suka kwanta. Yarinyar jikinta kamar garwashi, ko ruwa ba ta yarda ta sha. Mma kuwa tari kawai take yi sama-sama. Na taɓa goshinta, na taɓa wuyanta, sanyi ƙalau.

"Ni ƙyale ni," in ji ta. "Tafi da yarinyar nan. Ba ki ji yadda take ƙuna ba?"

Na goya yarinyar muka shiga trotro, motar haya, zuwa asibiti. Aka gwada jini, ba maleriya ba ce. Suka ce mura ce mai ƙarfi, in riƙa ba ta ruwa, in sa mata ido. Kwana huɗu ban bar gefenta ba, ina goga mata jiƙaƙƙen tsumma. Mma na kwance a tabarma bayan ƙofa, in zan wuce sai in miƙa hannu in taɓa ta, in ce alhamdu lillahi, ita kam da sauƙi. Ta daina cin abinci, na ce bakin mura ne. Ta yi azahar a zaune, na ce gajiya ce.

Rana ta biyar da hantsi yarinyar ta haɗa gumi, ta tashi ta ce tana son shayi da burodi. Na juya da murna zan gaya wa Mma, sai ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta, wadda ta rasu a Bawku tun ba a haife ni ba. Numfashinta gajere-gajere, leɓɓanta sun yi duhu.

Maƙwabcinmu mai tasi ya kai mu asibiti. Likitar, wata matashiya, ta sa abin sauraro a bayan Mma, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Maame, tun yaushe take haka?" ta tambaye ni, da kalmarsu ta girmama mace.

"Ai jikinta bai taɓa yin zafi ba," na ce, har da ɗaga murya, kamar mai kare kanta gaban alƙali.

Ta yi bayani da Twi haɗe da Turanci, wata nas 'yar Zongo tana mayar mini da Hausa. Zafin da 'yata ta yi, jikinta ne ke faɗa da ƙwayar cutar. Ƙwayar mura ba ta son zafi, in jiki ya ɗau zafi ba ta iya yaɗuwa yadda take so. Tsoho kuwa sau da yawa jikinsa ba shi da ƙarfin tayar da zazzaɓin, sai a taɓa shi a ji sanyi alhali ciwon na ci gaba. Na Mma ya riga ya sauka huhu.

"Da na kawo ta ranar farko fa?"

Likitar ta dubi nas ɗin. Nas ɗin ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu, Yaya."

Kwana biyu Mma ta yi da robar iska a hanci. Ba ta sake gane ni ba. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci ta cika.

Yayana ya iso daga Kumasi bayan an dawo daga maƙabarta. Ya zauna a bencin tsakar gida, takalmansa duk taɓo, ya karɓi gaisuwar mutane. Da suka ragu ya kira ni, ya tambaye ni kwana nawa ta yi a kwance kafin a kai ta asibiti.

Na ce biyar.

Ya ce, "Biyar. Kuma ɗaki ɗaya kuke?"

Na ce ɗaki ɗaya.

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya nemi buta. Shekara uku ke nan, duk Sallah yana kira ya gaishe ni, ya tambayi yarinyar da makaranta. Bai sake ambaton Mma a gabana ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan fara ba.