Garin Kunu da Takardar Barin Aiki

Shekara shida na yi ina zuba alewa a leda a wani kamfani a Sharaɗa. Hannuna yana aiki, zuciyata kuwa tana can cikin littattafan soyayyar da nake karɓowa haya, inda yarinya take zama hajiya mai kamfani tun labari bai yi nisa ba. Ni ma sai na ƙudura zan buɗe nawa, na garin kunun gyaɗa, a leda mai hoton fure. Na rubuta takardar barin aiki, na fesa mata turare, na sa a jaka. Ranar Juma'a zan miƙa wa manaja.

Lissafi kam na yi shi, a littafin rubutu sabo fil. Injin manne leda, buhun gyaɗa, shinkafa, kuɗin niƙa, rajista, hayar ɗan shago a Ɗorayi, da labule ruwan hoda. Kuɗin adashena ya isa cif, har ina hango kaina a bayan teburi ana sallama ina amsawa a hankali.

Ranar Laraba da hutun rana na nuna wa Anti littafin. Haka duk muke kiranta. Dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, injinta yana kusa da nawa, kuma ta taɓa sana'ar citta kafin ta shigo kamfani. Ta goge hannu da zani, ta karanta har ƙasa.

"Ƙanwata, kamfaninki ya ci ya ƙoshi," in ji ta. "Ke fa? Labulen za ki ci?"

"Haba Anti, riba mana."

"Riba a watan farko? Wannan shinkafa da waken da ke gabanki, wa ya biya?"

"Kamfani."

"Motar da take ɗauko ki daga Ɗorayi fa? Maganin hawan jinin Hajiyarki fa?"

Maganin mahaifiyata daga albashina yake fita, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Ta buɗe sabon shafi, ta ce in rubuta "gida" a sama. Kuɗin adaidaita, cefane, kati, ankon biki, gudummawar suna, ɗinkin Sallah, duk na wata shida. Ina rubutu tana cin namana.

"Gwaggonni nawa gare ki?"

"Bakwai."

"To rubuta ɗanɗano."

Na kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi. Ta ce kowace gwaggo za ta zo sa albarka, kuma ba za ta fita hannu rabbana ba. Leda biyu nata, ɗaya na maƙwabciya. "Za ki iya cewa gwaggonki ta biya?" Wallahi ba zan iya ba, ko a mafarki. Ta ce haka cittarta ta ƙare, buhu guda dangi suka ɗanɗane.

Da muka haɗa shafukan biyu, adashena ko rabi bai kai ba. Na ɗan share hawaye a bayan kwalaye, sannan na koma kan injina.

Ranar Juma'a na shiga ofishin manaja, jakata a hammata, ƙamshin takardar har yana fitowa.

"Malama, kina da magana?"

"Ranka ya daɗe, so nake a bar ni a aikin safe kullum."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ai kowa gudun safe yake, in ina so na samu.

Haka na ci gaba da karɓar albashina wata goma. Ƙarfe biyu nake tashi daga aiki, kafin la'asar ina tsakar gidanmu ina suyar gyaɗar garin kunun sayarwa a kasko, Hajiya tana kan tabarma tana yi mini ɓarza, tana faɗan na cika wuta.