Kwano Uku a Kiyoto

Tashi

Ƙarfe biyar saura kwata na idar da sallar asuba a masaukinmu na Nagoya, ƙasar Japan, inda aka tura mu malaman gona kwas kan noman shinkafa. Asabar ce, ba aji. Mai koyar da mu, Malam Sato, ya yi alkawarin kai ni Kiyoto, garin iyayensa. Tun ranar farko na gaya masa da a Gummi yake da wannan suna, ko akuya ba mai ba shi ajiya.

Ba kallo kaɗai ya kai ni ba. Mahaifinsa yana da wani tsohon keken cire ciyawa mai haƙoran ƙarfe, wanda ake turawa tsakanin layukan shinkafa mutum na tsaye. Ni kuwa na riga na aika wa Buba maƙeri cewa ya hura wuta, samfuri na tafe. In na koma hannu rabbana, majalisar ƙofar gidana ɗanye za ta cinye ni.

Jirgin ƙasa ya tashi bakwai da minti huɗu. Nisan kamar Gummi zuwa Gusau ne, amma wallahi na ɗaga hannu ina addu'ar tafiya, kafin in shafa mun iso.

Cikin gari

Ƙarfe tara bas ta aje mu a wani ɗakin ibadarsu da aka lulluɓe da zinariya, a bakin tafki, ba ko ɗan sanda. Na ce, "Malam Sato, in masu haƙar zinariya na Anka suka ji labarin nan, kafin azahar sai dai ku tarar da tafkin."

Sha biyu da rabi muka shiga kasuwar abinci, lungu guda mai rufi, tsawonsa ya ishi mai azumi kuka. Na kafa sharaɗi: ba alade, ba giya. Aka kai ni shagon da ake bin layi, aka kawo abin da garin ke taƙama da shi cikin ruwan zafi. Jama'a, awara ce! Awarar da ake soyawa a bakin tasha, ita na ƙetaro duniya na ci ba ko yaji. Shayinsu kuwa kore shar, sai ka rantse miyar kuka ce aka manta da daddawa.

Gidan tsoho

Uku daidai muka isa gidan iyayen Sato. Na cire takalmi, na yi la'asar, na zauna na buɗe baki. Awa biyu ina zuba, Sato na fassara har muryarsa ta dushe. Zancen keke dai ina ta kewaye shi.

Can mahaifiyar Sato ta rusuna ta yi magana. Sato ya ce, "Wai ko a kawo maka shinkafa da shayi?"

Na ce, "Ce wa Inna a kawo!"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Aka daɗe, sannan aka kawo shinkafa an kwarara mata shayi. Don in faranta mata na share kwano. Ta sake tayi, na sake amsawa. Ina cikin na uku Sato ya raɗa mini, "A Kiyoto in an yi maka tayin wannan, ana nufin rana ta yi, a kama hanya."

Na aje kwanon. Ni da na san bisimillar bakin hanya, wadda ake amsawa da alhamdu lillahi a wuce! Na ce a raina keke ya tafi.

Amma Bagumme ba ya faɗuwa a baƙon wuri. Na ce, "Gaya wa Baba mu ma muna da irinta. Wanda ya amsa ta kuwa, ko mahaukaci ne ko ɗan gida. Su zaɓa."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara hamsin matarsa na wannan tayi, yau ne aka fara sa ta ɗora tukunya. Ya ce ni ɗan gida ne, me ɗan gida ke so? Na faɗa. Da kansa ya ɗauko keken a rumfa, ya goge, ya nuna mini yadda ake turawa a ja baya.

Gida

Bayan mako uku na sauka Kano, na kwana Gusau, na bi ta Anka da keken bisa cinya. Kowane shinge sai an tambaye ni ko makami ne. Ƙarfe huɗu na shiga Gummi.

Buba ya juya shi, ya ce, "Wanga ɗan abu ka tai Japan ɗaukowa? Nawa ka saye shi?"

Na ce, "Kwano uku."

Kafin damina ya ƙera bakwai. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa Malam Sato da Baba. Inna ta Kiyoto kuwa, Allah ya ba ta haƙurin baƙi irina.