Takalmi a Ƙofar Coci

Shekarar da 'yata ta gama sakandare a garin Gaithersburg, can ƙasar Turawa inda muke zaune, na daɗe rabona da jin Hausa a bakinta. In yi mata Hausa ta mayar mini da Turanci, har gaisuwar safe. Ga shi kuma za ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa. Abin da ke cin raina ke nan, kada ta fita daga gidana ba ta ɗauki komai nawa ba sai faɗin goshi.

Ita ta zaɓi Italiya a matsayin tukwicin gama makaranta. Ni Kano na so mu je, amma na haɗiye, na ɗauki hutu daga kantin maganin da nake aiki.

A Roma ta ja ni wani tsohon coci da malamar zanensu ta ba su labari. Na yi turus a bakin ƙofa, don tunda uwata ta haife ni ban taɓa shiga coci ba. Mai gadin ya nuna kafaɗun yarinyar ya girgiza kai, wai ba a shiga sai an rufe. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Yarinyar da muke kai ruwa rana da ita kan mayafi duk ranar idi, yau ga Bature ya gama da ita da yatsa ɗaya. Na zaro gyale daga jakata na miƙa mata.

Ta yafa. Sai ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a gefe, ta shiga da ƙafar dama. Mai gadi ya biyo ta da su a hannu yana ta zuba da yarensu. Kunya ta kama ta, ta ce mini da Turanci ita ma ba ta san ta cire ba. Ni na san inda ta samo. A ƙofar ɗakin da muke haya muna salla a maƙwabcin garinmu Wheaton ne, lokacin da mahaifiyata ta zo renonta tana ƙarama.

Ciki kuwa ba masaka tsinke don ado. Ruwan zinari ko'ina, ga gumakan jarirai ɓul-ɓul masu fukafukai. Raina bai kwanta da siffofin ba, mu da muka saba da bango fari da rubutu. Amma na yi tunanin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shafa fenti a can sama, shi ma da Wanda yake tsoro.

Ta kamo hannuna ta tsayar da ni kan wani dutse a tsakiyar daɓen, ta ce in ɗaga kai. Na ga ƙubba mai zurfi, haske na shigowa ta samanta. Muka yi gaba kaɗan, sai ƙubbar ta karkace ta baje. Ashe rufin shimfiɗaɗɗe ne, zane ne kawai.

Yarinyar nan ta riƙe haɓa, yadda mahaifiyata ke yi, Allah ya jiƙanta. Ta ce, "Kai! Umma, ikon Allah."

Da Hausa ta faɗa, har da jan muryar tsohuwar. Na ji tsoron in nuna murna ta farga ta koma Turanci. Idonta na kan rufin, nawa na kanta.

Na ce, "Sai kallo."