Sandar Goggo Dija ta fi ta kowa ja

Jama'a, yau kwamfuta ta haɗa goggonnina gasa!

Kun san bikin Yaya Sadiƙ ya matso. Baffa ya ce in na hana kuɗin bikin wuce bajet, zai saya mini waya. Sai na zana musu jadawali a kwamfuta, kowace goggo da doguwar sandarta. Na saita shi yadda in kina cikin bajet sandarki koriya ce, kina wucewa ta koma ja. Wai don su ji kunya.

Na jona a talabijin ɗin falon Baffa a GRA. Ina shigar da kuɗin lefe, sandar Goggo Hajjo ta yi ja. Wallahi sai ta rangaɗa guɗa!

Ta ce, "Ko na'ura ta san manya!"

Goggo Dija mai kula da abinci ta ga tata koriya shar. Ta ce, "Kai ɗan nema, ni ce matsiyaciyar gidan? Ƙara raguna biyu!"

Na ce, "Goggo, jan nan fa faɗuwa ce."

Ta ce, "Faɗuwar gidanku. Ƙara!"

Minti goma, allo ya zama kasuwar tattasai! Baffa ya cire hula ya ce, "Waya kuma sai a mafarki."

Ina naɗe igiyar caja, Goggo Dija ta ja ni kicin. Ta ce, "Akwai jan da ya fi na Hajjo?"

Na ce, "Akwai, amma ba ya kamawa sai da sabuwar waya."

Ku yi hasashen da me nake muku rubutun nan!