Gayyar da Mutanen Gude Suka Yi Mini

Cikin duk ranakun da na yi ina aikin likita, akwai wata Alhamis ta bazara da ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da wani tsoho ya kusa barin duniya don kawai in ci jarrabawa. Nakan ba ƙananan likitocin da ke zuwa koyon aiki wajenmu wannan labari, musamman idan na ga ɗayansu ya shigo yana washe baki da sakamakon bincike mai kyan gaske. Sukan yi dariya, ni ma in taya su, amma a ranar ba dariya nake yi ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba. Ina matashin likita a wani asibiti a yankin Gwarzo, ina kwas ɗin ƙwarewa a fannin likitan iyali. Ga wanda ba ɗan gida ba, likitan iyali shi ne mai ganin kowa da kowa, daga jariri zuwa mai ciki zuwa tsohon da ya zo da ciwon da ba ya son faɗa. Kafin a ɗaga ka zuwa babban likita, sai ka yi bincike a kan marasa lafiyarka, ka rubuta kundi, ka je gaban malamai su yi ta jefo maka tambayoyi. In binciken ya lalace, sai ka koma farko, abokan karatunka su wuce su bar ka. Ni kuwa a lokacin babu abin da nake tsoro a duniya kamar a wuce a bar ni.

Zamani ne na tsuke bakin aljihu. Ɗakin maganinmu wayam yake, abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne rubuta wa mutum takarda ya je kemis. Abin awon jini ɗaya gare ni, robarsa ta tsage na naɗe ta da filasta. A haka na zaɓi yin bincike a kan hawan jini. Tambayata mai sauƙi ce: idan likita ya bi masu hawan jini har ƙauyensu, ya kai musu magani kyauta, yana auna su duk mako, shin jininsu zai fi sauka da a ce ya zauna a asibiti yana jiran su? Mai duba aikina, Hajiya Dokta Rabi, babbar likita a Kano, ita ta samo mini maganin daga wasu masu taimako. Na zaɓi wani ƙauye a mazaɓar Gude ta ƙaramar hukumar Kabo, na sa Alhamis ta zama ranar zuwana.

Mai unguwa ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya ce maza zan auna a zaurensa, mata kuwa a bar wa wata ma'aikaciyar jinya da ke ƙauyen, don tun zuwan shari'a kowa a kiyaye yake. Na yarda. Bayan sallar azahar liman ya ba ni dama in yi wa jama'a bayani in nemi yardarsu, kamar yadda ƙa'idar bincike ta tanada. Na yi bayanin hawan jini, na faɗi yadda yake kawo shanyewar ɓarin jiki, na ce ƙwaya ɗaya za a riƙa sha kullum da safe. Da a nan na tsaya da na huta. Amma na ga suna gyaɗa kai, daɗin bakina ya kwashe ni, sai na ƙara da cewa, “Iyayena, wannan aiki jarrabawata ce. In jininku ya sauka na ci, in bai sauka ba na faɗi, kuma a Kano cewa za a yi mutanen Gude ne suka kayar da ni.”

Da wasa na faɗa. Sai na ji masallaci ya ɗauka, “Allah ya kiyaye! Allah ya sawwaƙe!” Na hau babur ɗina ina yaba wa kaina, ina cewa lalle ni na iya magana da mutanen karkara. Ashe baki shi ke yanka wuya.

Cikin waɗanda na auna akwai Malam Haladu, dogon tsoho, manomi mai 'yan shanu, iyayensa makiyaya ne da suka zauna. Mutum ne da ko ƙaya ta soke shi ba za ka ji daga bakinsa ba. Ranar farko jininsa ya hau har sai da na sake awon, ina zargin filastata. Tun daga ranar ya ɗauke ni kamar ɗansa. Duk Alhamis sai ya riƙo mini ƙwan zabi a hula, ya ce, “Ɗana Likita, yaya jarrabawa?” Ni kuma in ce, “Baba, tana hannunku.”

Ba a jima ba jinin kowa ya fara sauka, saukar da ban taɓa karantawa a littafi ba. Na Malam Haladu ma ya dawo kamar na saurayi. Kaina ya kumbura. Na fara hango kaina a babban taro ina jawabi, har na sayi sabuwar hula. Na ɗauki sakamakon na kai wa Hajiya Dokta Rabi a Kano, ina jiran yabo. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau.

Ta ce, “Dokta Nasiru, ruwa ba ya tsami banza. Ni a nan birni, 'yan boko masu agogo a hannu ba sa shan magani haka. Ka taɓa zuwa ranar da ba su san za ka je ba?”

Na ce, “Hajiya, ai mutanena ne, suna jin maganata.”

Ta ce, “To, Allah ya sa. Amma ka gwada zuwa wata Litinin.”

Na ce to, na fito na yi kunnen uwar shegu da maganarta. A zuciyata har cewa na yi manya ba sa son ganin yaro ya yi abin a zo a gani. Ku ji fa.

Alhamis ɗin da nake ba ku labari rana ta buɗe tun da hantsi, irin zafin da ke zuwa gab da faɗuwar damina. Na isa zauren mai unguwa na tarar dattawa sun jeru a tabarma. Muka gaisa, aka tambayi gida da iyali da gajiya da hanya, sannan na fara aiki. Da layi ya zo kan Malam Haladu na lura leɓensa a bushe yake, ya ce mini azumin nafila yake yi. Na naɗa masa abin awo, na matsa, na saurara. Jinin ya sauka ƙasa ƙwarai, saukar da ya kamata ta tayar da hankalin duk likita mai lura. Ni kuwa murna na yi. Na ce, “Baba, yau kai ne na ɗaya!” Ya yi murmushi ya ce, “Alhamdu lillahi.”

Aka kira azahar. Ya yunƙura zai tashi ya yi alwala, ya miƙe tsaye, sai kawai ya sulale ya zube kamar an sare dawa. Salati ya kaure. Na yi tsalle na isa kansa, na kama hannunsa, bugun jininsa siriri kamar zare, jikinsa ya yi sanyi cikin wannan zafi. Na kwantar da shi, na sa aka jawo buhun masara muka ɗora ƙafafunsa a kai, na ce a kawo ruwa da gishiri da sukari. Da ya ɗan farfaɗo na kai masa kofi baki, sai ya datse haƙora, ya ce da ƙyar, “Azumi.” Na yi magiya, ya ƙi. Sai da liman ya durƙusa ya ce, “Malam Haladu, nafila ce, ka sha, ka rama wata rana. Rai ya fi.” Sannan ya buɗe baki.

Aka tare wata a-kori-kura da za ta Gwarzo, muka shimfiɗa shi a baya. Na bar babur ɗina a ƙauyen, na hau tare da mai unguwa, hannuna riƙe da wuyan hannun tsohon. Muna cikin tafiya mai unguwa ya girgiza kai ya ce, “Malam Haladu ke nan da kafiya. Sai da na ce masa biyu sun isa.”

Na ce, “Biyu me, ranka ya daɗe?”

Ya ce, “Ƙwayar mana. Ai kowa biyu yake sha ranar zuwanka. Shi ne ya ce nasa jinin ya fi na kowa taurin kai, uku zai sha da sahur.”

Na ce, “Sauran ranakun fa?”

Ya kalle ni kamar mai mamakin tambayar. Ya ce, “Haba Likita, wa zai sha wannan kullum? Fitsari take sawa. Mutum ya yi alwala, kafin a tayar da salla ta karye. Yana gona yana sharar daji, kowane lokaci sai ya ajiye fartanya. Ga shi lafiyarmu ƙalau muke ji. Shi ne muka zauna bayan ka tafi ranar farko, muka ce yaron nan ya taso takanas daga Gwarzo, bai kamata mu kunyata shi a Kano ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk Laraba da la'asar akan tuna wa kowa a masallaci.”

Da alfahari ya faɗa, yana jiran in yi godiya. Ashe duk watannin nan kallon kitse nake yi wa rogo. Gayya suka yi mini, irin wadda ake yi wa wanda gonarsa ta fi ƙarfinsa, ni kuma ina ta rubuta ta a matsayin ilimi. Na dai ƙara riƙe hannun Malam Haladu ina addu'a a zuci, ina cewa ya Allah kada ka ɗauki ran bawan nan a kan surutuna.

Muka isa asibiti aka sa masa ƙarin ruwa, wanda shi ma sai da aka ruga kemis aka sayo. Na zauna a gefen gadonsa ina auna shi a kai a kai. Kafin magariba jinin ya fara dawowa daidai, ya buɗe ido sosai ya gane ni. Na ce, “Baba, sannu. Yaya jikin?” Cewa ya yi, “Ɗana Likita, ka dai rubuta na yau kafin in faɗi ko?” Na fita waje na jingina da bango, cike da kunya da tausayi, sai da na share ido kafin in koma.

Da na je Kano na kwashe labari na faɗa wa Hajiya Dokta Rabi, abin da ta fara tambaya shi ne halin da tsohon ke ciki. Da ta ji ya warware, sai ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce, “To, Dokta, sakamakonka ya tafi, ko layi ɗaya ba za ka ɗauka ba. Amma ka samo tambayar da ta fi taka. Koma ka binciko abin da ke hana mutane shan maganin kullum.” Haka aka yi. Abokan karatuna suka je jarrabawa suka wuce, ni na koma farko. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Na koma ƙauyen na sake tsayawa a masallaci, wannan karon babu fasaha. Na yi musu godiya, na faɗa musu cewa shan biyu ko uku a haɗe yana iya kisa, barinsa kwana da kwanaki kuma yana iya kawo shanyewar jiki. Na ce maganin nasu ne, ba nawa ba. Muka zauna da kowa ɗaya bayan ɗaya, masu kukan fitsari aka sauya musu wata ƙwayar, na kuma daina faɗin ranar zuwana. Aka tambaye ni jarrabawa, na ce ta bana dai ta wuce ni. Suka yi ta yi mini jaje kamar an yi rasuwa. Bayan an watse Malam Haladu ya ja ni gefe, idonsa ya kaɗa, ya ce, “Laifina ne, ɗana. Da na daure na kai gida kafin in faɗi, da ba wanda ya sani.”

Abin da na koya daga wannan shi ne, mutanenmu suna da kara, kuma kara ba ta tsayawa a ƙofar asibiti. In mara lafiya ya ga kana son jin wata amsa, zai nemo maka ita ko da jikinsa ne zai biya. Shi ya sa nake ce wa ƙananan likitoci kada su kuskura su nuna wa mara lafiya cewa suna da wata riba a cikin warkewarsa, kada kuma su yi tafi don awo ya yi kyau kafin su tambayi yadda aka yi ya yi kyan. Ni tun daga lokacin, in tsoho ya zauna a gabana, kafin in taɓa hannunsa nakan ce, “Baba, ba za ka ɓata mini rai ba ko me ka faɗa. Wace rana ce ba ka sha ba?”